Kafin A Kira Wanzami: Ciwon Rashin Daskarewar Jini

Jama'a, idan hunturu ya kama aka fara shirin yi wa yara kaciya, akwai tambayar da ya kamata kowane gida ya yi: a dangin uwar yaron, an taɓa samun namijin da jini ya ƙi tsaya masa bayan kaciya, ko cire haƙori, ko ɗan ƙaramin rauni?

Ciwon da likitoci ke kira himofiliya gadonsa ake yi. Jinin mai shi ba shi da isasshen sinadarin da ke sa jini ya daskare, wato sinadari na 8 ko na 9. Nau'in da ya fi yawa yana samun kusan ɗa namiji 1 cikin 5,000. Uwa ce ke ɗauke da shi, sau da yawa ba tare da ta ji komai ba, kuma kowane ɗa namiji da ta haifa yana iya gadonsa ko ya tsira, rabi da rabi. Uba mai ciwon ba ya ba 'ya'yansa maza, amma duk 'ya'yansa mata za su ɗauka. Shi ya sa tarihin kawunnan yaro ya fi na baffanninsa amfani a nan. Wannan ba laifin uwa ba ne, ba kuma sammu ba. Wani lokaci ma yakan ɓullo a gidan da ba a taɓa ganinsa ba.

Ku lura da yaron da jikinsa ke yin tabon taruwar jini tun yana rarrafe, ko gwiwarsa ke kumbura da zafi ba tare da wata babbar faɗuwa ba. Irin wannan yaro kada a yi masa kaciya, ko cire beli, ko ƙaho, ko tsaga, sai an auna daskarewar jininsa a babban asibiti. Kada a saya masa asfirin, ibuprofen ko diclofenac a kasuwa, domin suna ƙara zubar jini. Farasitamol ya fi dacewa. Allurar tsoka ma sai da sanin likita.

Karnuka ma suna gadon irin wannan ciwo, kuma masu kiwonsu a Turai da Amurka sukan yi musu gwajin ƙwayar halitta kafin barbara. Akwai irin gwajin ga mutane, yana nuna macen da ke ɗauke da ciwon.

Idan jini ya ɓalle, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a garzaya asibiti mafi kusa, ko a wane ɓangaren iyaka yake. Kada a tsaya jiran wayewar gari.