Argungu: Garin Kogi da Shinkafa

Manomin Sandamu da na Argungu damina ɗaya suke jira, daga Yuni zuwa Satumba, amma na farko gero yake girba, na biyu kuwa shinkafa, har ya sayar wa fatake. Gulbin Kabi ne ya raba su. A bakinsa Kabawa suka sake kafa sarautarsu bayan faɗuwar Birnin Kabi a 1805, kuma a cikinsa ake bikin kamun kifin da ya samo asali a 1934.

Kowace damina gulbin yakan cika ya malale fadama. Gero ba ya jure irin wannan ruwa. Amma wasu ire-iren shinkafar gargajiya, wadda masana ke kira Oryza glaberrima, suna da abin mamaki: idan ruwa ya rufe su, iskar etilin takan taru cikin kara, gaɓoɓi su miƙe, ganye ya sake leƙo sarari. A bakin kogin Irawadi na ƙasar Bama ma akwai shinkafa mai wannan hali.

Sai dai madatsun Bakolori (1978) da Goronyo (1984) sun rage wannan ambaliya, manoma da yawa suka koma noman rani da injin ban ruwa, mai shan fetur.