DARASI: MINDAR TSOHON SOJA

A ƙauyukan Dambatta, Bichi, Makoɗa da Kunci akwai gidajen da ake kira gidan tsohon soja. A irin waɗannan gidaje akan sami wani ɗan ƙarfe mai ƙyalle a cikin adaka. Sunansa minda, wato lambar yabo ta soja. Kowace minda tana da labarin da take faɗi.

Daga ina ta fito?

An yi Yaƙin Duniya na Biyu daga 1939 zuwa 1945. Tsofaffi suna ce masa yaƙin Hitila. A lokacin Nijeriya tana hannun Turawan Ingila. Turawa sun ɗebi samari da yawa daga ƙasar Kano aikin soja. Wasu sun yi yaƙi da Italiya a ƙasar Habasha a 1941. Wasu kuma an kai su Bama, can gaba da Indiya, suka kara da Japan. Runduna ta 81 ta tafi a 1943, ta 82 ta bi ta a 1944. Bayan yaƙi aka raba wa sojoji mindodi.

Yadda ake gane su

1. Tauraron Bama. Na tagulla ne, mai tsini 6. Ƙyallensa ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Mai shi ya yi yaƙi a Bama.

2. Tauraron Afirka. Shi ma tsininsa 6. Ƙyallensa launin rairayi ne, da jan ratsi a tsakiya. Sojojin da suka je Habasha sun same shi.

3. Mindar Yaƙi. Fara ce, kewayayya kamar babban kwabo. Gefe ɗaya kan Sarkin Ingila Joji na 6 ne. Ɗaya gefen kuma hoton zaki ne.

Akwai kuma minda ta jarumtaka. Wannan sai wanda ya nuna bajinta a fagen fama. Samanja Chari Maigumeri, mutumin Borno, ya sami irinta. Barikin soja na Lokoja yana ɗauke da sunansa.

Yadda ake sa su

Soja ba ya rataya minda yadda ya ga dama. A ƙirjin hagu ake maƙala ta, bisa aljihun kaki. Ana jera su a layi. Mafi daraja ita ce ta kusa da tsakiyar ƙirji. Ta jarumtaka tana gaban ta halartar yaƙi. Wannan doka ɗaya ce ga hafsa da ƙaramin soja.

Ranar aiki ba a sa ƙarfen. Sai dai a ɗinka 'yan guntayen ƙyallen a jere. Wanda ya san launi, da ganin ƙirjin hafsa ya san inda ya yi yaƙi. Ranar babban fareti ake fito da mindar sosai. Irin wannan rana ita ce 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. A wannan rana ce yaƙin basasa ya ƙare a 1970.

Kada a rabu da ita

A Ingila da wasu ƙasashe akwai masu tara mindodi. Suna saye, suna sayarwa. Saboda haka dillalan tsofaffin kaya sukan taya minda. Mai gida zai karɓi 'yan kuɗi, su ƙare a cefane. Minda kuwa ta tafi har abada. A wasu gidaje yara ne suke wasa da ita har ta ɓata.

Ga wani abin lura. Yawancin mindodin yaƙin Hitila babu sunan mai su a jiki. Idan tsoho ya rasu, takardarsa ta sallama kuma ta ɓace, minda ta zama ƙarfe kawai. A nan ne ilimin yaƙi da jahilci yake da rana. Wanda ya iya rubutu sai ya ɗauki takarda ya rubuta:

- sunan sojan da na mahaifinsa
- ƙauyensa
- lambarsa ta soja da muƙaminsa
- ƙasar da ya je da shekarar dawowarsa

A tambayi dattawan gida tun suna raye. A haɗa wannan rubutu da takardar sallama da minda wuri ɗaya.

Adana

Kada a goge minda da toka ko yashi, zanenta zai shafe. Busasshen tsumma ya isa. Kada a cire ƙyallen ko da ya tsufa. A naɗe a farin yadi, a sa a gwangwani mai murfi. A ajiye nesa da laima da gara.

Tambayoyi

1. A wace shekara Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare?
2. Tsini nawa ne a Tauraron Bama?
3. A wane ƙirji ake sa minda?
4. Me ya sa ya kamata a rubuta sunan mai minda?

Aiki: Idan akwai tsohon soja a danginku, rubuta jimla 5 a kansa, ka kawo wa malami.