Darasi: Yadda Murya Take Kai Ɗauki a Lokacin Hatsari

A ce mota ta ƙwace wa direba da magariba a kan hanyar Kagoro zuwa Kafanchan, fasinjoji sun ji rauni. Kafin motar asibiti ta taso, murya ce za ta fara tafiya. Ya kamata kowane ɗan ƙasa ya san hanyar da take bi.

Matakin farko a hannunka yake, ya kai mai karatu. Lambar 112 kyauta ce, ko babu kuɗi a wayarka. Kiran yakan faɗa cibiyar kiran gaggawa, irin waɗanda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta gina a jihohi, daga nan a miƙa shi ga 'yan sanda, ko 'yan kwana-kwana, ko ma'aikatan lafiya. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana da tata lambar, 122.

To, amma su ma'aikatan ceto ba kiran waya suke bukata a tsakaninsu ba. Mai ɗauke da majinyaci ba shi da sukunin neman lamba, balle jiran a ɗauka. Shi ya sa suka saba da oba-oba: mutum ɗaya ya danna ya yi magana, ayari duka su ji. Aibinta shi ne dutse yana tare ta. A ƙasa mai tuddai kamar ta Kagoro, sai an kafa na'urar ƙara zango a bisa tudu kafin na wannan gefe ya ji na wancan.

A yau injiniyoyi sun sa wannan dabara cikin manhajar wayar hannu, har jami'in da ke zaune gaban kwamfuta yana iya shiga maganar ta intanet. Manhajar takan yanyanka murya ƙulli-ƙulli, kamar ƙulli 50 a kowace daƙiƙa, ta aika su bi da bi. Abin lura a nan shi ne, idan ƙulli ya makara ba a jiransa, watsar da shi ake yi a cike gurbinsa, domin gara kalma ta ɗan gutsure da umarni ya iso a makare. Ƙa'idar duniya da aka fitar a 2016 ta nemi kada a wuce kashi 3 cikin 10 na daƙiƙa tsakanin danna maɓalli da samun izinin magana, kuma mai kiran gaggawa yana iya katse kowa.

Sai dai duk wannan ya rataya ne a kan turakun sadarwa. A ƙarshen 2021, da aka rufe layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna saboda tsaro, an ga yadda gari kan koma shiru. Don haka a ganinmu kuskure ne a jingine oba-oba.

In ka kira, fara faɗin wuri: sunan gari, hanya, da wata alama kamar gada, coci, masallaci ko kasuwa. Sa'an nan ka faɗi abin da ya faru da yawan waɗanda suka ji rauni. Kada ka kashe waya sai an sallame ka, kada kuma ka bar yara su mai da lambar abin wasa, gama layin da suka tare wani yake jira.