Babana Ya Rasu Kafin Baftisma: Ya Sami Ceto?

Tambaya: Babana ya karɓi Yesu, yana cikin ajin baftisma sai ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba. Wasu dangi suna cewa tun da bai shiga ruwa ba, bai tsira ba. Abin ya hana ni barci.
Wata 'yar'uwa daga Kafanchan

Amsa: 'Yata, Ubangiji ya ta'azantar da ke da dukan gidanku. Kwantar da hankalinki. A Luka sura 23 akwai ɗan fashin da aka gicciye tare da Yesu. Hannuwansa na kafe a jikin itace, ba rafi, ba fasto, amma da ya roƙi a tuna da shi, Yesu ya yi masa alkawarin Firdausi a ranar nan. Karniliyus da mutanen gidansa ma, a Ayyukan Manzanni sura 10, Ruhu Mai Tsarki ya sauko musu tun Bitrus bai gama wa'azi ba, sannan aka yi musu baftisma.

ECWA da Baptist suna koyar da cewa alherin Allah ke ceto ta wurin bangaskiya, baftisma kuwa shaida ce a gaban jama'a. Katolika ta fi ɗora nauyi a kan baftisma, duk da haka tana koyar da cewa mai shirin baftisma da ya mutu da tuba da marmarinta, an tabbatar masa da ceto. Ina ganin danginki sun yi gaggawar yanke hukuncin da ba nasu ba.

Ki je wurin malamin da ya koyar da Baba a ajin, ya zauna da dangin nan ya faɗa musu yadda ya ga tubarsa da canjin halinsa. In ke ma ba a yi miki baftisma ba tukuna, ki ba shi sunanki.