Shawara Kan Barin Tuwo Don Cimar Maiƙo

'Yan'uwa na Gusau da Tsafe da Bungudu, cimar nan da ake kira kito, wadda mutum zai ƙaurace wa tuwo da fura ya dogara ga man shanu da ƙwai da nama, asalinta magani ce, domin likita Russell Wilder na Amurka ne ya tsara ta a 1921 saboda masu farfaɗiya. Hikimarta ita ce, idan hatsi ya yanke, hanta kan narka kitse ta fitar da wani sinadari da ƙwaƙwalwa za ta rayu da shi maimakon sukari.

Amma fa, wallahi, ina jiye wa mai juna biyu da mai shayarwa da ƙaramin yaro illarta, domin ƙwaƙwalwar jariri a cikin kwanaki 1,000 na farko take ginuwa, kuma tamowa ta riga ta addabi ƙauyukanmu. Cimar kito tana iya tauye girman yaro, ta haddasa tsakuwar ƙoda, ta kuma ƙara maiƙon da ke toshe jijiyoyin jini.

Wanda ɗansa ke farfaɗiya, ko mai ciwon sukari, wajibi ne ya fara zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau a auna jininsa kafin ya sauya abinci.