Yadda Ake Mayar da Ƙwayar Fata Ƙwayar Asali

Kowane ɗalibi a nan Kademi ya san idan aka binne yankin karan rogo, zai yi saiwa ya yi ganye. Jikin mutum ba haka yake ba. Dukanmu daga ƙwayar halitta guda muka fara, amma da ƙwayoyin suka rarrabu, ta fata ta tsaya a fata, ta jini ta tsaya a jini. Waɗanda ba su riga sun kama aiki ɗaya ba su ake kira ƙwayoyin asali.

A 1962 John Gurdon na Ingila ya ɗauki cibiyar ƙwaya daga hanjin ɗan kwaɗo, ya sa cikin ƙwan kwaɗo da aka kashe cibiyarsa, sai wani ɗan kwaɗo ya fito. Ashe ƙwayar da ta manyanta tana riƙe da dukan umarnin gina jiki, rufe shi kawai ta yi. A 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto a Japan ya gano mabuɗin. Cikin ƙwayoyin gado 24 da ya gwada, 4 kaɗai suka isa su mayar da ƙwayar ɓera ƙwayar asali. A 2007 ya yi haka da fatar mutum, a 2012 kuma su biyun suka sami lambar Nobel.

A ganina mu masu bi muna da dalilin murna. Dā sai an lalata ɗan tayi mai 'yan kwanaki kafin a sami irin waɗannan ƙwayoyi, abin da ya dami lamirin Kirista da yawa. Yanzu ɗan yankin fata ya isa.

Ina ruwanmu? Sikila. A 2007 masana a Amurka suka ɗauki ƙwayoyin ɓeraye masu sikila, suka mayar da su na asali, suka gyara kuskuren gadon, suka dasa musu, jininsu ya gyaru. Amma ɓera ba mutum ba ne, kuma ɗaya daga cikin huɗun nan, c-Myc, yana iya jawo ciwon daji. Shi ya sa ake tafiya a hankali. Saboda haka idan Ikkilisiya ta nemi takardar gwajin jini kafin aure kada ku ji haushi: AS da AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS.