Mai kula da yara, koyi ba da magani

Jama'a, a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Runji, idan damina ta faɗi iyaye suna gona, yara kuwa suna hannun masu reno da malaman ƙananan makarantu. Lokacin ne kuma masassarar cizon sauro take tsananta. Shi ya sa tun 2013 aka fara raba wa ƴan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafinta a Gidan Runji. Duk da haka ciwo yakan zo ba sallama. Wajibi ne mai kula da yara ya je likita, a koya masa ba da magani da hannunsa.

Maganin gaggawa

Idan jikin yaro ya yi zafi, kuma yana jijjiga, ko ya kasa sha, ko yana amai da duk abin da ya ci, ko ya suma, kada mu ɗura masa komai a baki. Akwai maganin artesunat da ake sawa ta dubura. Daga wata 6 zuwa ƙasa da shekara 3, ƙwaya 1. Daga shekara 3 zuwa ƙasa da 6, ƙwaya 2. Wanda aka horar kaɗai ke sa shi. Mu lura: ba ya warkarwa, lokaci kawai yake ba mu. Nan take a ɗauki yaro zuwa likita, ko ya farfaɗo.

Idan zawo ne, mu zuba ƙunshi 1 na garin gishiri da sukari cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. A ba shi kaɗan-kaɗan. Abin da ya yi kwana ɗaya, a zubar.

Maganin shafawa

1. Mu wanke hannu da sabulu kafin shafawa da bayanta.
2. Mu wanke wurin ciwon, mu bari ya bushe, mu shafa kaɗan.
3. Man ido ana sa shi cikin fatar ido ta ƙasa. Kada bakinsa ya taɓa ido.
4. Man ƙuraje ba ya shiga ido.

Mu da muka koyi karatu, mu rubuta sunan yaro, sunan magani da lokacin da aka ba shi. Da maraice a nuna wa uwa. In an tafi likita, a tafi da takardar. Ɗan wani amana ne a hannunmu.